Ƙashi da Fata: Bahasi a kan Sana'ar Haɗa Jiragen Ruwa a Wurin Inuwit na Girinlan da Alaska

 

Maudu'in da aka ɗora mini in yi bahasi a kansa shi ne sana'ar haɗa jiragen ruwa ta gargajiya a ƙasashen da ke ƙuryar arewacin duniya, inda teku ke daskarewa galibin shekara. Da yake kuwa fagen yana da faɗi ƙwarai, tun daga gaɓar Nowe, inda ake jera katako bisa katako a ɗaure da ƙusa, har zuwa tsibiran Aliyut da ke tsakanin Amurka da Rasha, sai na ga ya fi dacewa in taƙaita magana a kan al'umma guda, wato Inuwit, musamman na tsibirin Girinlan da na arewacin Alaska, da jiragensu biyu na fata: kayak, ƙaramin jirgin farauta mai ɗaukar mutum ɗaya, da umiyak, babban jirgi buɗaɗɗe mai ɗaukar iyali da komatsansu. Da'awar da nake son in kafa hujja a kanta ita ce, wannan sana'a rabi biyu ce, rabin maza wanda shi ne ƙashin jirgi na itace, da rabin mata wanda shi ne rigarsa ta fata. Kuma littattafai da gidajen tarihi, duk da ƙoƙarinsu, rabin farko suka iya taskacewa, na biyun kuwa bai rayu ba sai a inda mutane suka ci gaba da bukatarsa don cin abinci.

Wanda ya saba ganin kwale-kwalen Sarkawa a Yawuri ko Argungu, inda masassaƙi kan sami gungumen itace guda ya yi ta rarake cikinsa da gizago har ya zama jirgi, wajibi ne ya ajiye wannan sura a gefe, domin ƙasar da muke magana a kanta ba ta fitar da bishiyar da za a sassaƙa ko da filafili daga jikinta, in ban da 'yan gajerun itatuwa a wasu kwaruruwan kudancin Girinlan. Duk da haka kakannin Inuwit na yanzu, waɗanda masana tarihin tono suka laƙaba wa sunan mutanen Tule, sun taso daga Alaska wajen shekara ta 1000 Miladiyya ko bayanta, suka ratsa arewacin Kanada, suka isa Girinlan a wajajen ƙarni na 13, kuma da jiragen nan suka yi wannan hijira, suna bin sawun manyan dabbobin teku. To, ina suka sami itace? Teku ce ta kawo musu. Manyan kogunan Saberiya, irin su Yenisei da Lena, idan suka yi ambaliya a lokacin narkewar ƙanƙara, sukan tumɓuke bishiyoyin gaɓarsu su zubar da su cikin tekun arewa, a can sai ƙanƙara ta kama gumaguman ta riƙe, ta yi ta tafiya da su a hankali shekara da shekaru, ta tsallaka da su kusa da tsakiyar ƙuryar duniya, ta gangaro da su ta gabashin Girinlan, ruwa ya kewayo da su ta kudancin tsibirin, ya watsar a gaɓar yamma. Abin lura a nan shi ne, in ba don ƙanƙarar ba da itacen bai iso ba, saboda gungume idan ya daɗe a ruwa yakan sha ya nutse tun tafiya ba ta yi nisa ba. Turawa ba su tabbatar da wannan hanya ba sai bayan da ƙanƙara ta murƙushe jirgin Amurka mai suna Jeannette a arewacin Saberiya a shekarar 1881, aka kuma tsinci tarkacen kayansa a 1884 kusa da Qaqortoq a kudu maso yammacin Girinlan; wannan ne dalilin da ya ƙarfafa wa Fridtjof Nansen, mutumin Nowe, gwiwa ya bar ƙanƙara ta kama jirginsa Fram daga 1893 zuwa 1896, don ya bi tafarkin da gumagumai suka daɗe suna bi.

Saboda haka mai son jirgi ba ya fara aikinsa da sara, da tsintuwa yake farawa, kuma yana iya shafe lokaci mai tsawo yana tara guntaye kafin su ishe shi. Sun san bambancin jan itace da fari, sun san wanda ya fi jure lanƙwasa da wanda ya fi sauƙin nauyi, kuma ba su yanka gungume a karkace, sai su kafa masa turaku na ƙashi su tsaga shi bisa tsawon jijiyarsa, domin katakon da aka tsaga ta haka ya fi wanda aka yanka da zarto ƙarfi nesa ba kusa ba. Aikin kayak yakan fara ne daga dogayen katakai biyu na gefe, waɗanda su ne ainihin ƙarfin jirgin, saɓanin jiragen katako da ake fara ginawa daga ƙashin baya na ƙasa. Idan aka haɗa bakunan katakan nan biyu gaba da baya, aka buɗa tsakiyarsu da sanduna na gicciye, sai a kifar da abin a dasa haƙarƙari, waɗanda ake jiƙa su ko a turara su har su yi laushi, a wasu yankuna ma mai aikin yakan ciccije wurin lanƙwasar da haƙoransa don kada sandar ta karye; daga bisani a shimfiɗa ƙashin baya da 'yan siraran sanduna bisa tsawon jirgi. Ma'aunin duk wannan kuwa jikin mai jirgin ne: tsawo kamar gaba uku na hannuwansa, faɗi gwargwadon ƙugunsa a ƙara dunƙulen hannu a kowane gefe, zurfi kamar dunƙule da miƙaƙƙen babban yatsa. Abin da ke fitowa daga wannan lissafi a Girinlan jirgi ne da ya ɗan haura mita 5 a tsawo, faɗinsa kuma wajen rabin mita, wanda mutum ke zura ƙafafunsa ciki ya cika shi dam, ta yadda duk motsin da ya yi da ƙugu ko gwiwa jirgin zai amsa nan take. Ba a buga ƙusar ƙarfe a asalin wannan aiki. Turakun itace ko na ƙashi ake sawa, a ɗaure gaɓoɓi da tsirkiyar fata, ko jijiya, ko zaren da ake tsagowa daga gezar da ke bakin babbar dabbar tekun nan da ake kira wel. Kuma kuskure ne a ɗauka rashin ƙarfe kaɗai ya jawo haka, domin gaɓar da aka ɗaure takan ɗan motsa idan igiyar ruwa ta bugi jirgi, ta koma mazauninta, alhali wadda aka kafe da ƙusa sai dai ta tsage.

Wannan shi ne rabin maza, kuma na bi ta kansa da ɗan hanzari ne saboda an yi rubutu a kansa mai yawa. Rabin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na fata, wanda tun daga fiɗa har zuwa ɗinkin ƙarshe a hannun mata yake. Fatar ta dabbar da ake kira sil ce, dabba mai shayarwa mai kaurin kitse, wadda ita ce abincin mutanen nan, da man fitilarsu, da suturarsu. Kuma nau'o'inta sun bambanta, akwai mai siririyar fata da ta dace da kayak, akwai ƙatuwa mai gemu wadda ake yanka tsirkiya daga fatarta ana kuma rufe umiyak da ita. Mace za ta feɗe dabbar da ulu, wuƙarta mai lanƙwasasshen baki, ta kankare kitsen sarai ba tare da ta huda fatar ba, domin huji guda a nan aibi ne da zai bi jirgin har ƙarshen rayuwarsa. Sa'an nan a jiƙa fatar ko a ajiye ta ta ɗan ruɓa daidai gwargwado har gashin ya saki. Sanin wannan gwargwado, wato ranar da gashi zai fita cikin sauƙi amma fatar ba ta riga ta raunana ba, ilmi ne da ake ɗauka da hanci da yatsu a gefen uwa, ba shi da wani awo da za a rubuta. Kuma ba a jeme wannan fata irin jimar da ke mai da ita kirgi mai laushi. Ɗanya ake son ta, don ta miƙe tana jiƙe, ta ɗame idan ta bushe.

Ranar ɗinki ranar gayya ce. Kayak guda kan ci fatu huɗu zuwa shida, umiyak kuwa idan da ƙananan fatu za a rufe shi adadin kan haura goma, kuma tilas a gama kafin fatar ta bushe a hannu, saboda haka mata da yawa ke zama a kai, tsofaffi a wuraren da suka fi wuya, 'yan mata a inda kuskure ba zai yi kisa ba. Zaren jijiya ne da aka tufka, na barewar ƙanƙara da ake kira karibu ko na wel, kuma hikimar zaɓensa ita ce yakan kumbura idan ya jiƙe, ya toshe ramin da allura ta yi. Amma asirin aikin yana ga yadda ake soka allurar: ana ɗora bakin fata bisa ɗan'uwansa, a yi layin ɗinki biyu, ɗaya ta waje ɗaya ta ciki, kuma a kowane layi allura takan ratsa fata ɗaya ne kawai, ta shiga rabin kaurin ta biyun ta fito ta gefen da ta shiga, ta yadda babu rami ko guda da ya ratsa daga ruwa zuwa cikin jirgi. A duba wannan da idon basira: fata ce jiƙaƙƙiya mai santsin mai, kaurinta bai taka kara ya karya ba, ana ɗinka ta a cikin sanyi, kuma a kowane soki sai yatsa ya ji inda rabin kaurin yake. Idan an haɗa fatun sai a ja su bisa ƙashin jirgi, a ɗaure da igiya ana tamkewa har bakunan su haɗu a sama, a rufe da ɗinki, a bar rigar ta bushe ta ɗame kamar ba za ta taɓa sakewa ba, daga nan a shafe ta da man sil, a cika layukan ɗinki da tsohon mai wanda ya yi danƙo.

Ba a nan aikin mata ya ƙare ba, domin rigar kayak ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu ba a sake ta ba, alhali ƙashin yana iya daɗewa har a gāje shi. Mace ce kuma ke ɗinka tuwilik, rigar fata mai hula wadda maharbi ke sawa ya tamke ta a fuska da wuyan hannu, ya ɗaure gindinta a bakin ramin da yake zaune, har shi da jirgin su zama abu guda da ruwa ba ya shiga; da wannan riga ce mutum ke iya kifewa a teku ya sake miƙewa da bugun filafili guda, fasahar da David Cranz, ɗan mishan na ɗariƙar Morabiya, ya lissafa hanyoyinta goma a littafinsa na tarihin Girinlan da ya fito a 1765. Ita ce ke ɗinka salkar da ake hura wa iska a ɗaura wa igiyar mashi, don dabbar da aka soka kada ta nutse da shi. A umiyak na Girinlan kuwa mata ne ma matuƙa, namiji guda yana riƙe da akala a baya, sauran maza suna rakiya cikin kayak; kuma da yake fata idan ta kwana biyu a ruwa takan sha ta saki, wajibi ne a riƙa fitar da jirgin tudu ana shanya shi, ana duba ɗinki, ana yin faci. Lokacin da hafsan Danmak Gustav Holm ya yi tafiyarsa ta 1883 zuwa 1885, wadda ta kai shi Ammassalik a gabashin tsibirin a 1884, inda jiragen Turai suka daɗe suna kasa kutsawa saboda ƙanƙara, da umiyak ya je, matan Girinlan suna tuƙi, suna kuma gyaran fatar da rayuwar ayarin duka ta rataya a kanta.

Ibn Haldun ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa sana'a malaka ce da ba ta samuwa sai ta hanyar malami da maimaita aiki, kuma takan gushe daga gari idan masu nemanta suka gushe. Imam Gazali kuma a cikin Ihya ya lissafa tushen sana'o'i, har da saƙa da ɗinki, cikin farillan kifaya, waɗanda idan aka rasa mai tsayuwa da su al'umma duka ta shiga ƙunci. Ban san wata ƙissa da ta fassara waɗannan maganganu biyu a aikace kamar ta Inugguwit ba, wato Inuwit na can ƙarshen arewa maso yammacin Girinlan, yankin da garin Qaanaaq yake a yau. Sa'ad da Baturen Birtaniya John Ross ya riske su a 1818, ya tarar da mutane masu zama a bakin teku, masu cin abincin teku, amma ba su da jirgi ko guda, ba su da baka da kibiya, alhali kakanninsu sun mallaki duka. Masana sun kawo dalilai, daga ciki akwai ƙarancin itacen da teku ke kawowa a zamanin da sanyi ya tsananta, da kuma riwayar da mutanen suka bayar da kansu cewa wata annoba ce ta kwashe manyansu kafin yara su koya. Ko wanne ne sababi, silsilar ta yanke, kuma sakamakon ya yi tsanani, domin da zarar ƙanƙara ta narke a bazara sai farautar teku ta gagare su, su koma dogaro da tsuntsayen da suke kamawa da raga a jikin duwatsu. Ba su sake ƙirƙiro kayak da kansu ba, duk da basirarsu da kuma tsananin bukata. Sai da wani shugaba mai suna Qitdlarssuaq ya jagoranci 'yar ƙaramar jama'a daga tsibirin Baffin na Kanada, suka yi shekaru a hanya, suka iso a farkon shekarun 1860, maza da mata, sa'an nan sana'ar ta dawo. Shi ya sa har cikin ƙarni na 20 kayak na wannan yanki siffar na Baffin gare shi, ba ta sauran Girinlan ba. Knud Rasmussen ya riski ɗaya daga cikin waɗanda suka yi wannan hijira, mai suna Merqusaq, ya rubuta labarin daga bakinsa a farkon ƙarni na 20.

Yanzu sai mu duba abin da ya shiga taskar masana. Tun zamanin Martin Frobisher, wanda ya kama wani Ba'inuwite ya kai shi Ingila a 1577 har ya nuna gwanintarsa ta tuƙi a kogin Bristol, Turawa ke sha'awar kayak suna kwasarsa zuwa gida. Akwai wanda aka kai birnin Hull a 1613 yana nan har yau, kuma masu farautar wel na Holan sun kai da dama garuruwansu a ƙarni na 17 da na 18. A 1949 Eigil Knuth na Danmak ya tsinci ƙashin wani umiyak mai tsawon kusan mita 11 a Peary Land, can ƙarshen arewacin Girinlan, wanda aka ƙiyasta na ƙarni na 15 ne, yanzu yana gidan tarihi na ƙasa a Nuuk. Itacensa ya jure shekaru ɗari biyar a fili, rigarsa kuwa babu ita. Daga irin waɗannan ne Howard Chapelle na Amurka ya fitar da zane-zanen awo a littafin da ya fito a 1964, H. C. Petersen, wanda shi ɗan Girinlan ne, ya wallafa babban littafinsa kan jiragen fata a 1986, Harvey Golden kuma ya auna jirage masu yawa a gidajen tarihi ya buga sakamakon a 2006. Aiki ne mai daraja, ba na rage masa komai, kuma Petersen musamman bai yi sakaci da batun fata ba. Sai dai ɗabi'ar takarda ce ta karɓi abin da ke da tsawo da faɗi da kusurwa. Duk kafintan da ya iya karatun zane zai iya tayar da ƙashin jirgin Hull a yau ba tare da ya taɓa ganin ƙanƙara ba, amma busasshiyar fatar da ke jikin jirgin, ko da ta nuna inda allura ta bi, ba za ta faɗi kwana nawa aka jiƙa ta ba, ko yaya aka ja ta, ko a wane lokaci mai ɗinki ta san cewa ta isa. Ga kuma wata illa ta daban, wato galibin matafiyan da suka yi rubutu maza ne, da maza suka zauna, farauta ce ta burge su.

Faɗuwar sana'ar a Girinlan ba ta zo da annoba ba, da kasuwa da siyasa ta zo. Daga shekarun 1920 ruwan yammacin tsibirin ya ɗan yi ɗumi, kifin kod ya yawaita, hukumar Danmak ta karkata jama'a daga farautar sil zuwa su na sayarwa, wanda jirgin katako ya fi dacewa da shi, daga baya kuma mai inji. Bayan da aka soke matsayin mulkin mallaka a 1953, tsare-tsaren raya ƙasa na shekarun 1950 da 1960 suka tattara mutanen ƙananan ƙauyuka zuwa manyan garuruwa, aka zuba su a dogayen benaye, mata suka shiga masana'antun sarrafa kifi, yara suka tafi makarantun kwana. Macen da ke hawa na huɗu a Nuuk ba ta da inda za ta jiƙa fata ta ruɓa, 'yarta kuma ba ta gefenta balle ta gani. Umiyak ne ya fara ɓacewa, kayak ya saura a yankunan farauta na arewa da gabas, can ma aka koma rufe shi da tamfol ana shafa fenti, saboda ya fi araha, ya fi daɗewa, karnuka ba sa cin sa, kuma namiji yana iya ɗinka shi shi kaɗai. Sa'an nan dokar da ƙasashen Turai suka kafa a 1983 ta hana shigar da fatun jariran sil, ko da yake ba farautar Inuwit aka nufa da ita ba, ta karya darajar fatar sil baki ɗaya a kasuwa, ta ƙara raunana gidajen da suka rage a kan wannan rayuwa.

Farfaɗowar ta zo ne bayan samun mulkin cikin gida a 1979, a lokacin da samarin ƙasar ke neman abin da za su riƙe na kansu. A 1984 aka aro tsofaffin kayak uku daga Holan aka baje su a Nuuk, samari suka gan su suka kafa ƙungiya, a 1985 kuma aka haɗa ƙungiyoyin garuruwa ƙarƙashin inuwa guda mai suna Qaannat Kattuffiat, suka nemi dattawan da suka rage, irin su Manasse Mathæussen, suka koyi haɗa jirgi da hanyoyin miƙewa bayan kifewa, waɗanda a gasar ƙasa da ake yi duk shekara sun haura 30. Wannan abin yabo ne, kuma shi ya sa a yau ake haɗa kayak irin na Girinlan a Amurka da Japan da Turai. Amma a ra'ayina ya kamata a kira abin da sunansa: ƙashin ne ya dawo, da fasahar tuƙi, rigar kuwa galibi ta tamfol ce ko ta nailan, kuma jirgin ya tashi daga kayan neman abinci ya koma na wasa da alfaharin ƙasa. Inda ya saura a bakin aikinsa na asali shi ne yankin Qaanaaq, wurin mutanen nan da suka taɓa rasa shi, domin ƙa'idar yankin ta hana farautar narwal, wato wel mai dogon haure guda, da jirgi mai inji a cikin mashigin ruwansu, ta wajabta a tunkare shi da kayak a fara sukarsa da mashi mai igiya. Dalilin kuwa a fili yake, dabba ce mai tsananin jin motsi, kuma wadda aka harba da bindiga ba tare da igiya da salka ba takan nutse a yi asararta.

Wanda ke son ya ga rabin mata da ransa sai ya nufi arewacin Alaska, garuruwa irin su Utqiaġvik, wanda ake kira Barrow kafin 2016, da Point Hope. A can har yanzu ana fita farautar babban wel a bazara daga bakin ƙanƙara da umiyak na fata, saboda ba shi da nauyi a ja shi bisa ƙanƙara, ba ya ƙara idan ya taɓa ruwa, kuma idan ya huje ana iya ɗinke shi a wurin. A lokacin zafi maza kan harbo sil mai gemu, a ajiye fatun su yi laushi har gashi ya saki, mata su tsage jijiyar karibu su tufka zare a cikin hunturu, sa'an nan gab da bazara matar shugaban ayari ta kira gwanayen ɗinki, su zauna a kan fatu biyar zuwa bakwai, ba su tashi sai sun gama, ko da aikin zai kai su tsakar dare. A tsibirin St. Lawrence da ke tekun Bering kuwa fatar walras, dabbar nan mai haure biyu, ita aka saba amfani da ita, wadda saboda kaurinta sai mace ta tsaga ta gida biyu da ulu, aikin da ke bukatar hannu mai natsuwa ƙwarai. Abin da ya raya wannan ilmi a Alaska ba gidan tarihi ba ne, haƙƙin farauta ne: da hukumar kula da farautar wel ta duniya ta hana mutanen yankin wannan farauta a 1977, shugabannin ayari suka kafa hukumarsu a wannan shekara, suka yi jayayya da ƙididdigar da aka dogara da ita, aka mayar musu da kaso, bincike na baya kuma ya nuna dabbobin sun fi yadda aka zata yawa. Da hanin ya tabbata, da babu mai sake kiran mata ɗinki.

Barazanar da ke gabansu yanzu daga ƙanƙarar kanta take. Sil mai gemu a kan ƙanƙara yake haihuwa yake hutawa, a can kuma ake samunsa, kuma gwamnatin Amurka ta sa na wannan yanki cikin jerin dabbobin da ake ji wa tsoron ƙarewa a 2012 saboda raguwar ƙanƙarar teku, ko da yake dokar ba ta hana 'yan ƙasa farautar ci ba. Idan ƙanƙara ta janye da wuri, kwanakin samun fata sukan ragu. Idan kuma bakin ƙanƙarar bazara ya yi rauni, ko ruwan da ke buɗe ya yi faɗi har sai an bi dabba nesa, sai wasu ayarori su ajiye jirgin fata su ɗauki na alminiyam mai inji, kuma kowane ayari da ya yi haka ya rage wa matan garinsu zaman ɗinki guda a wannan shekara.